Sandar da Daram Ya Ɗaure

Idan dattijon nan da ake kira Daram ya shigo gidanka, kafin a kawo masa ruwa ya riga ya dafa teburinka ya jijjiga. In ya ji ƙafa ɗaya tana girgiɗi, to gaisuwa ta dakata ke nan. Zai duƙa, ya zaro guntun kwali daga aljihu, ya ninka shi huɗu ya cusa a ƙarƙashi, ya sake jijjigawa, sannan ya ɗago ya tambayi lafiyar iyali. A ɗaya aljihun kuma akwai ƙaramar sifana wadda ta girmi wasu daga cikin 'ya'yansa. Ya taɓa duƙufa yana ɗaure notin kujerar jiran likita alhali shi ne marar lafiyar, har aka kira shi sau biyu bai ji ba. Duk abin da ya gama gyarawa sai ya buge shi da tafin hannu ya ce, "Daram!" Daga nan sunan ya bi shi, har jikokinsa ma ba su san yana da wani ba.

Ba haka kawai ya tashi da wannan hali ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana hawan dogayen ƙarafan sadarwa, irin waɗanda ake kafawa a bayan gari a ɗaure da wayoyi ta kusurwa huɗu. Yana ɗan shekara goma sha tara, wata rana aka bar waya ɗaya sako-sako aka tafi cin abinci, maigidansa kuma yana can sama yana ƙarasa ɗaurin eriya. Iska ta taso. Daram yana tsaye da kwano a hannu ya ga ƙarfen ya fara rangaji, hagu, dama, hagu, kowane zuwa ya fi na baya nisa. Maigidan bai mutu ba, amma bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba. Tun daga ranar Daram ya yanke wa ransa cewa abin da aka tsayar ba ya motsi sai in yana shirin halaka wani. Ya kafa ƙarfe ya fi ɗari biyu kafin ya ajiye aiki, kuma har yau ko ɗaya bai faɗi ba. Da wannan yake tinƙaho, ba ya kuma ɓoyewa.

Ajiye aikin dai bai karɓe shi ba. Mutumin da ya saba ganin gari daga sama sai ga shi a kujerar roba a baranda, yana ƙirga motocin da ke wucewa. A wata uku na farko ya ɗaure duk wani noti da ke cikin gidan, ya sake bi ya ɗaure su. Daga nan sai ya rasa abin yi, ya koma shiru-shiru, magana ma sai an ja shi.

Matarsa tsohuwar malamar firamare ce, shi ya sa kowa ke ce mata Malama, har shi. Suna zaune a hawa na biyu na wani tsohon bene, ɗaki biyu da falo, rufin siminti a kansu, wanda da rana yake gasa ɗakunan kamar an rufe tukunya. Malama tana da ciwon suga, tana yi wa kanta allura safe da yamma, kuma maganin allurar nan ba ya son zafi. Yana zaune ne a cikin wani ƙaramin firji da bai fi akwatin tafiya ba, a kusurwar falo, an shimfiɗa masa ƙyalle mai saƙa a kai kamar wani babban baƙo. A jikin ƙofarsa akwai ɗan ma'auni mai nuna lamba. Mai kemis ya ja musu kunne cewa lambar nan kada ta wuce takwas, in ta wuce ta daɗe a irin zafin ɗakin nan, to kada su yarda da maganin. Daram bai san sunan maganin da kyau ba, amma ya san lambar nan fiye da lambar wayarsa.

Wutar lantarki a unguwar kuwa sai ta ga dama. Janareta suka fara gwadawa, hayaƙinsa ya riƙa sa wa Malama ciwon kai. Suka sa faifan sola a kan rufi, ya yi musu aiki shekara biyu lafiya lau, sai wani mai hannu da shuni ya tayar da bene hawa bakwai a gefensu, ya tare rana ƙaf, ba ta leƙo rufin sai 'yar sa'a guda da tsaka. Abin da benen ya ba su a madadi shi ne iska, domin tana matsowa ta tsakanin gine-ginen nan biyu ta fito da ƙarfi har tana kwashe shanya. An yi maganar sa injin iska mai fanka, amma Tela, mai shagon ɗinki a ƙasan benen, wanda ke kiwon tattabaru a kan rufin, ya rantse da girman Allah ba za a kafa abin da zai yanka masa tattabaru yana raye ba.

Yanzu da abin ya wuce lafiya, har shi Daram ɗin yana iya dariya in an tayar da zancen. A lokacin kuwa babu wanda ya ga abin dariya, sai Tela, shi kuma dama komai abin dariya ne a wurinsa.

Abin ya faro ne a makon da taransifomar layinsu ta ƙone, aka ce gyara sai nan da mako biyu in an yi sa'a. Autarsu, wadda ta karanta aikin lantarki take kuma aiki da wani kamfanin samar da wuta daga iska da rana, ta zo da mota da abokan aikinta biyu. Suka hau da wata farar sanda ta tsanin ƙarfen da ke kai wa rufi. Tsawonta ya kusa ninka tsawon mutum, siririya daga ƙasa, ta ɗan yi kauri daga sama, kamar an kifa tabarya. Suka dasa gindinta a kan siminti da noti takwas, suka ja waya zuwa batir ɗin da ke falo.

Daram ya zagaya ta sau biyu, hannu a baya.

"Auta, ina fankar?"

"Ba ta da fanka, Baba."

"To me zai juya?"

"Babu abin da yake juyawa, Baba."

Ya gyaɗa kai kamar ya gane. Bai gane ba, amma ya ga samarin nan biyu suna kallonsa, ya ji ba zai yi tambaya ta uku a gaban abokan aikin 'yarsa ba. Ya raya a ransa cewa wataƙila akwai wata kafa da iska ke shiga ta ciki. Sai ya zaro sifanarsa ya koma kan abin da ya sani, ya bi notin gindin nan ɗaya bayan ɗaya. Ranar kuwa babu iska ko ta kaɗa ganye, sandar tana tsaye ƙyam kamar mutuniyar kirki.

Bayanin da ya kamata a yi masa, a falo aka yi shi, ga Malama, yayin da shi yake can sama yana fama da noti. Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar uwarta ta ce, "Umma, kin san in kika tsoma yatsa a ruwa mai gudu, ruwan yakan riƙa murɗewa a bayan yatsan? Haka iska take yi in ta wuce sandar nan. Murɗewar ce ke tura ta hagu da dama. A can gindinta akwai maganaɗisu da naɗin waya, duk kaɗawar da ta yi sai su mai da ita wuta. Wato rawar da take yi ita ce aikinta."

"Kin gaya wa babanki?"

Auta ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Haba Umma. Ni zan tsaya ina koya wa Baba yadda ƙarfe ke tsayuwa a iska? Ai da ya gani zai gane."

Abin da ta iya gaya masa da za ta tafi shi ne, "Baba, ba ta bukatar komai, a bar ta kawai." Ta nuna musu fitilu huɗu korra a jikin akwatin batir, ta ce in suka ga sun koma biyu su kira ta. Washegari da sassafe ta wuce wani aiki na kwana goma a can cikin duwatsu, inda waya ba ta shiga sai an hau tudu.

Kwana biyu iska ta yi luf. A rana ta uku da hantsi ta dawo da ƙarfinta. Daram yana shan shayi ya ji dariyar Tela daga sama, irin dariyar da ake yi har da buga cinya.

"Baba Daram! Hau ka ga ikon Allah! Sandar gidanka tana rawa ba kiɗa!"

Ya hau. Abin da ya gani ya sa ya tsaya cak. Kan sandar yana kaɗawa, hagu, dama, hagu, dama, da sauri kamar mai jin sanyi. Ya duba ƙasa: a daidai nan ƙofar shagon Tela take, inda mata ke tsayawa jiran ɗinki, ga 'yan makaranta suna bin layin safe da rana.

"Ni dai ban taɓa zaton zan ga wannan rana ba," in ji Tela, yana watsa wa tattabaru hatsi. "Kai da ka hana teburina sakat, ga shi a kan rufinka abu yana layi kamar ɗan maye. Ko dai 'yan boko ba a koya musu ɗauri ne?"

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta soke shi. Ba don kansa ba, don Auta. Yarinyar da ya riƙa ɗauka a kafaɗa yana nuna mata ƙarafan da ya kafa, yau a ce ta yi aiki ana dariya a unguwa? Ya yi tunanin kiranta, sai ya ga in ya kira, ko an same ta, ya kunyata ta ke nan, ya nuna mata aikinta bai yi ba. Ya yi tunanin gaya wa Malama, sai ya ga hankalinta ne zai tashi a banza, ga suga. Abin da uba zai yi, a ganinsa, shi ne ya gyara shiru, in yarinyar ta dawo ta ga an gyara, ta fahimta, kowa ya yi kamar ba a yi ba.

Ya janyo tsohuwar jakar aikinsa daga ƙarƙashin gado. Kuma a gaskiya, in ana maganar ɗauri, ba a taɓa yin mai kyau irin wannan a layin ba. Ya yanko robar tsohon tib na taya ya naɗe wuyan sandar da ita ninki uku, don kada ƙarfe ya ƙwarzane wa Auta farin fentinta. Ya sa zobe a kan robar. Ya ja waya huɗu zuwa kusurwoyin rufin, kowace da ƙarfen murɗawa a tsakiyarta. Ya bi su yana murɗawa kaɗan-kaɗan, wannan rabin juyi, waccan rabin juyi, yana kaɗa kowace da yatsa yana sauraren amonta, har huɗun suka yi murya ɗaya. Kafin azahar sandar ta tsaya cik, iska tana bugun ta tana wucewa kamar ta bugi bango. Ya buge ta da tafin hannu ya faɗi kalmarsa. Ranar ya ci abinci har da ƙari.

Washegari fitila ɗaya ta mutu, saura uku. Malama ta ce wataƙila batir ɗin ne bai gama sabawa ba. Daram ya hau rufi ya duba, ya ga waya ɗaya ta ɗan saki, ya ce a ransa ga dalili nan, ya ƙara mata juyi guda. Bayan kwana biyu fitilu suka koma biyu. Malama ta kira Auta ya fi sau goma, wayar ba ta shiga. Ita ba ta iya hawa tsanin saboda gwiwa, don haka sai ta tambaye shi, "Malam, sandar nan tana nan lafiya kuwa?"

"Lafiyarta ƙalau," ya ce, da zuciya ɗaya. "Ba ta taɓa yin lafiya irin ta yanzu ba."

Ya sake hawa, ya sake matse wayoyin nan huɗu. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, amma da za a ba shi kwana goma yana wannan gyara, da sai ya dasa sandar nan a cikin siminti har wuya.

A rana ta biyar da ɗaurin, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, fitilar ƙarshe ta koma ja, akwatin ya yi ƙara sau uku, firjin ya yi shiru. Lambar da ke ƙofarsa tana kan huɗu. A ciki akwai maganin wata biyu da rabi, wanda aka sha wuya kafin a samu. Malama ta ɗauke ƙyallen saƙar, ta lulluɓe firjin da bargo biyu, ta ce kowa ya buɗe ƙofar nan ita da shi ne.

Daram ya fita neman mafita a cikin rana tsaka. Gidajen layin duk babu wuta, masu janareta kuma sun kashe saboda mai ya yi wuya a makon. Ya je wurin mai kemis, ya tarar shi ma ya kwashe nasa maganin ya aika wani wuri tun shekaranjiya, kuma ya ce sabo ba zai iso ba sai ƙarshen wata. Ya bi masu ƙanƙara uku, duk ta ƙare tun safe. Ya dawo wajen ƙarfe ɗaya, riga ta manne masa a baya, hannu rabbana. Lambar ta koma shida. Malama tana zaune tana fifita da murfin kwali, ta dube shi ta ce ya zauna ya sha ruwa, Allah na nan. Wannan natsuwar tata ta fi komai tayar masa da hankali. Tsoro ya kama shi irin wanda rabonsa da shi tun yana ɗan shekara goma sha tara.

Yana riƙe da kofin ruwan wayarsa ta yi ƙara. Auta ce, tana haki, da alama tudu ta hau.

"Baba, yanzu na samu sabis, na ga kiran Umma. Na duba a wayata, sandar nan ba ta ba da wuta ko ɗigo ba kwana biyar. Babu iska ne a wurinku?"

"Iska kam har ta yi yawa."

"To sandar tana motsi?"

Daram ya gyara murya. Bai so a yi maganar a gaban Malama ba, amma tunda an zo nan, sai ya faɗa a hankali, yadda ba zai ɓata wa yarinyar rai ba. "Ko kaɗan. Kada ki damu, Auta. Da kika tafi ta ɗan yi girgiɗi, ba laifinki ba ne, kowa yakan manta. Na ɗaure miki ita. Waya huɗu."

Ya cire wayar daga kunne ya duba ko ta yanke. Malama kuwa ta daina fifita, ta buɗe baki, ta ɗora hannu a ka.

"Baba," in ji Auta, muryarta tana rawa, ba a san ko kuka ba ne ko dariya. "Baba, don Allah ka yafe mini, ni ce ban yi maka bayani ba. Girgiɗin nan shi ne wutar. In ba ta kaɗa ba, babu wuta. Da me ka kama wuyanta? Ƙarfe ka matse a jikinta? In ta tsage, shi ke nan, sai an kawo wata."

"Na sa roba," ya ce, da wata 'yar murya da shi kansa bai san yana da ita ba. "Ninki uku."

"Alhamdu lillahi. To Baba, ka hau ka kwance. Umma ta cire komai daga jikin batir, a bar firji kaɗai. In sandar ba ta ji ciwo ba, in iska ta tsaya mana, zai tashi."

Bai san lokacin da ya hau tsanin ba. Tela yana can yana gyara akurkin tattabaru, ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskar dattijon, ya haɗiye abarsa. A shekara talatin da huɗu Daram bai taɓa kwance waya daga jikin abin da ke tsaye a cikin iska ba. Hannunsa ya san hanyar matsewa, sai da ya tsaya ya yi tunani kafin ya juya ta ɗaya hanyar. Ya sassauta wayoyin bi da bi, rabin juyi rabin juyi, don kada sandar ta fizge gefe guda. Ya cire zoben. Ya warware robar yana shafa wuyan sandar da yatsa, yana neman tsaga. Babu ko ƙwarzane.

Ya ja da baya. Sandar ta yi jim kamar mai fushi, sannan kanta ya soma kaɗawa, kaɗan, sannan sosai. Duk jikinsa yana ce masa ya kama ta. Ya cusa hannuwansa biyu a aljihu ya zauna a kan bulo.

Daga nan sai jira. Tela ya rufe shago, ya tsaya a tsakiyar tsani ya zama ɗan aike tsakanin sama da ƙasa. "Malama ta ce bakwai!" Can wajen ƙarfe uku iska ta faɗi, sandar ta koma ɗan motsi kamar mai gyangyaɗi. Daram, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana roƙon Allah ya kwantar da iska, sai ga shi yana ɗaga hannu yana roƙon a taso da ita.

"Yi rawa mana, 'yar nan," ya ce da sandar, bai damu da Tela na ji ba. "Yi haƙuri, ni na yi miki laifi. Yi rawarki."

"Takwas!" in ji Tela daga tsani, wannan karon ba dariya a muryarsa.

Bayan la'asar iskar ta dawo ta tsakanin benayen, ta kwashe hular Tela ta jefa layi, babu wanda ya bi ta. Sandar ta kama kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Daram ya ƙura mata ido har idanunsa suka yi ruwa. Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba, sai ya ji Malama da kanta tana ƙwala kira daga ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidansa.

"Malam! Malam, ya tashi!"

Ya sauko ya tarar fitila ɗaya ta koma koriya, firjin yana 'yar ƙararsa a ƙarƙashin barguna. Lambar tana kan takwas. Su uku suka tsaya a kanta. Ta daɗe a takwas ɗin nan har Tela ya fara cewa ko ma'aunin ne ya lalace. Sai ta koma bakwai.

Daram ya zauna daɓas a ƙasa a gaban firjin. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Tela ya yi hamdala da ƙarfi, ya ce bari ya je neman hularsa, ya fita ya ja musu ƙofa. Malama ta tura wa Auta saƙo, amsa ta dawo nan take, kalma ɗaya an maimaita ta sau uku: alhamdu lillahi.

Sai da lambar ta sauka biyar sannan ya iya magana, kuma bai ɗago kai ba.

"Malama, da hannuna na so in cuce ki. Kwana biyar ina hawa ina ƙara matsewa."

"Ni ma da laifina," ta ce. "Ai ni an yi mini bayanin rawar sandar nan tun ranar farko. Kullum ina jin takunka a kaina, ina jin ƙarar sifana. Na san ba tattabaru kake ba wa hatsi ba. Sau nawa na buɗe baki zan ce, Malam, me kake yi a can?"

"To me ya hana ki?"

Ta janye bargunan daga kan firjin tana ninkewa, ba ta dube shi ba.

"Waƙa nake ji kana yi. Kana can sama kana 'yar waƙarka ƙasa-ƙasa, irin wadda kake yi da in za ka fita aiki da asuba. Shekara uku ban ji ta ba. Sai na ce, ko me yake yi, bari a bar shi."

Daram ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suka ɗan girgiza. Malama ta bar shi har ya gama. Sannan ta buɗe firjin, ta ɗauko kwalba ɗaya, ta ɗora masa a kan kunci don ya ji sanyinta da kansa.

"Tashi ka wanke hannu," ta ce. "Lokacin allurata ya yi, yau kai za ka yi mini."